ZAREN DA AKA KAƊA, KADA A WARWARE SHI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yan uwana mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata cuta ce wadda ba ta kwantar da mutum a gado, amma tana cinye masa shekaru, wato ɗaukar abu da zafi sannan a yar da shi a tsakiyar hanya.

Duk wadda take koyarwa a ajin matan aure, a Dutsin-Ma ne ko a Kurfi, ta san labarin rajista. Makon farko bayan ƙaramar Salla aji cike maƙil, har sai an aro tabarma a maƙwabta. Kowa da sabon littafi, kowa ta ci alwashin bana sai ta haddace izu biyar. Kafin babbar Salla sahu ya fara ɓaraka, zuwa watan Muharram kuwa sai malama ta riƙa kiran suna ana amsa mata da "ta yi baƙi" ko "ta je barka." Haka abin yake a sana'a. Gidaje nawa ne keken ɗinki ya koma wurin rataye hijabi? Akurki nawa ne babu kaji sai tsofaffin kwanuka? Wadda ta soya awara wata biyu ta bari, wadda ta koyi haɗa sabulu ta yi zubi ɗaya, duk mun san su, wataƙila ma muna cikinsu.

Mutane kan yi saurin cewa lalaci ne. Ni ban yarda ba. Macen da ke tashi kafin asuba, ta hura wuta, ta shirya yara makaranta, ta yi wanki, ta ɗora sanwar rana kafin ta gama wanke-wanken safe, ba a kiran ta malalaciya. Ba kuma mugun nufi ba ne, domin niyyarta mai kyau ce tun farko. Abin da ke faruwa shi ne an bar niyyar tsirara: ba a yanka mata lokaci ba, ba a auna nauyinta ba, ba a kuma yi mata shinge ba.

Allah (SWT) ya buga mana misali a aya ta 92 ta Suratun Nahli, inda ya hana mu zama kamar matar da ke warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Asalin maganar a kan cika alkawari da rantsuwa take, kuma wasu malaman tafsiri sun ce wata mata ce a Makka da ke yin haka. Mu 'yan ƙasar auduga bai kamata misalin ya yi mana nisa ba. Wadda ta tarar da kakarta tana kaɗi ta san wahalar da ke cikin abawa ɗaya: a gurje auduga, a shiɓe ta, a shafa alli a yatsa, a yi ta murza mazari har wuya ya ƙage. A ce bayan duk wannan mace ta sa hannu ta warware! To wadda ta yi wata uku tana tara masu saye, sai da suka san ƙofar gidanta sannan ta daina, idan ta dawo bayan shekara ai daga gurzar auduga za ta sake farawa.

Bari mu fara da wani abu da ba mu cika zargi ba, wato daɗin mafarki. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar ƙasar Jamus mai suna Gabriele Oettingen ta shafe shekaru tana bincike a kan masu zama suna hango nasara a zuci. Abin da ta yi ta samu shi ne, wanda ya fi nutsewa cikin daɗin hangen nan yakan fi ƙarancin ƙoƙari, domin zuciya ta riga ta ɗanɗani abin, sai gaɓoɓi su saki. Kin kwanta kina ganin shagonki, ga kekuna huɗu, ga 'yan koyo suna ce miki Anti, kafin gari ya waye kin gama cin ribar a zuci. Maganin da ta bayar ba daina buri ba ne. Cewa ta yi, da zarar kin hango abin da kike so, nan take ki tambayi kanki mene ne a cikin halinki zai tare miki hanya. Barcin rana ne? Kunyar tambayar bashi ce? Waya ce? Ki kira shi da sunansa.

Kusa da wannan akwai yawan faɗi. A wani bincike da aka buga a 2009 an ga cewa ɗaliban da aka ji burinsu aka kuma nuna an lura da shi, sun fi sassauta aiki a kan waɗanda ba a kula da nasu ba. Kin faɗa a gidan suna cewa za ki koma makaranta, an ce masha Allah, an yaba, to kin karɓi rabin lada tun ba ki sayi fom ba. Ba ina nufin a ɓoye wa kowa ba. Akwai bambanci tsakanin faɗa wa taro don a yaba miki da faɗa wa mutum ɗaya wadda za ta tsare ki da tambaya duk mako. Ta farko tana kashe himma, ta biyu tana raya ta. Shi ya sa hadda ba ta zama sai da mai saurare.

Yanzu ga tambaya. Me ya sa ba ma manta sallar Azahar, amma ramuwar azumi sai ta kai mu Sha'aban? Dukansu wajibi ne, dukansu mun yi niyya. Bambancin shi ne salla an yanka mata lokaci, kamar yadda aya ta 103 ta Suratun Nisa'i ta bayyana, ga ladan yana kira, ga dardumar a inda aka saba. Ita kuwa ramuwa lokacinta a yalwace yake, sai mu ce "zan rama" mu bar ta haka nan. Halal ne a kai ta Sha'aban, domin ya inganta Nana A'isha (RA) takan yi hakan saboda hidimar Manzon Allah (SAW). Amma mata nawa ne suka ce sai Sha'aban, sai ga laulayin ciki ko jinya, wani Ramadan ya riske su? A mazhabarmu ta Malikiyya wadda ta samu damar ramawa a Sha'aban amma ta yi sakaci har wani Ramadan ya riske ta, bayan ramuwa sai ta ciyar da mudun Nabiyyi a kan kowace rana.

Wani masani, shi ma Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya gwada wannan a kan ɗaliban jami'a. Ya nemi su rubuta masa rahoto a kan yadda suka yi jajiberin Kirsimeti, su rubuta shi cikin kwana biyu bayan bikin. Rabinsu ya sa suka faɗi tun da wuri a wane lokaci kuma a wane wuri za su zauna su rubuta, sauran bai tambaye su ba. A cikin waɗanda suka yanka lokaci da wuri, kusan uku cikin huɗu sun cika. A cikin sauran kuwa ɗaya cikin uku ne kawai. Ba a ƙara wa kowa ilimi ko kuɗi ba, jimla ɗaya ce ta raba su.

Saboda haka 'yar uwa, "zan riƙa karatu" ba shiri ba ne. Shiri shi ne: idan na sallame sallar Asuba, kafin in tashi daga kan darduma, zan biya aya biyar. Ba "zan rama azumi" ba: Litinin da Alhamis na watan Zulƙida, kuma na faɗa wa maigida tun yau. Ki ɗaura sabon aiki a jikin tsohon da ba ya kuɓuce miki, kamar yadda ake ɗaure ɗan akuya kusa da uwarsa. Kuma ki shirya wa cikas tun bai zo ba: idan baƙi suka zo da hantsi, ɗinkin ya koma bayan La'asar. Sannan ki ce insha Allahu, kamar yadda Suratul Kahfi ta koya mana. Sai dai a yi hattara, insha Allahu ta gaskiya ita ce wadda ke zuwa bayan an ɗaura shiri. Wadda muke faɗi don mu sallami mai magana, wannan wani abu ne daban, kuma mun san ta.

Sai batun nauyi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Aka ce ta Zainab ce, idan ta gaji da sallar dare sai ta riƙe ta. Sai ya yi umarni a kwance igiyar, mutum ya yi salla gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Haka kuma Abdullahi ɗan Amru (RA) ya ɗaukar wa kansa azumi da karatu mai yawa yana saurayi, da ya tsufa ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. Nana A'isha (RA) kuma ta ruwaito mana cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Idan a ibada aka hana mu wutar kara, ina ga soya ƙuli?

Ɗan Adam bai iya auna lokaci ba. A ƙasar Kanada, a 1994, an tambayi ɗalibai kwana nawa zai ɗauke su su gama kundin kammala karatu. A tsakaice suka ce kwana 34. Da aka ce to in komai ya lalace fa, suka ce kamar 49. Abin da ya ɗauke su a zahiri ya haura kwana 55. Waɗannan fa ba su da goyo, ba su da surukai, ba ranar girki. Don haka telar da ta karɓi ɗinkin Salla kala talatin a goman ƙarshe na azumi ba maƙaryaciya ba ce, lissafin ranar da babu ɗauke wuta babu zazzaɓin yaro ta yi. Amma sakamakon ɗaya ne, daren Salla ana tsaye a ƙofarta ana faɗa, baɗi kuma su kai wani wuri. Ki duba bara kala nawa kika iya gamawa, wannan shi ne ma'auninki, ba abin da zuciya ke raya miki ba.

INDA JARI KE ZURAREWA

Nan ne nake so mu daɗe, domin mafi yawan sana'o'in matan aure ba rashin ciniki ke kashe su ba. Ana ciniki. Uwar kuɗi ce ake ci ba a sani ba.

Kuɗin da ke ƙullin zane ko a ƙarƙashin katifa ba su da suna, kuma kuɗin da ba su da suna na kowa ne. Maigida ya fita bai bar na magi ba, a ɗauka. Yaro ya dawo an koro shi kuɗin jarrabawa, a ɗauka. An fitar da anko, ƙawa ta haihu, ga gudummawar biki, a ɗauka, "in an yi ciniki na mayar." Kowace ɗauka da hujjarta, babu wadda za ki ce ɓarna ce. Ranar saro kaya sai ki ga kuɗin tiya goma na gyaɗa sun koma na shida, wata mai zuwa na uku, daga nan sai a ce sana'ar ba ta karɓe ni ba, ko a fara zargin baki da hassada.

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Ghana masu bincike sun raba tallafi ga masu ƙananan sana'o'i a biranen Accra da Tema, aka buga sakamakon a 2014. Wasu an ba su kuɗi a hannu, wasu an saya musu kayan sana'a na daidai wannan kuɗin. A wajen mata, waɗanda aka ba kaya ne ribarsu ta ƙaru, musamman masu sana'ar da ta riga ta kafu. Waɗanda aka damƙa wa tsaba kuwa, yawanci kuɗin hidimar gida ta lashe su. A yammacin Kenya kuma an ba 'yan adashi ɗan akwatin ƙarfe da kwaɗo, makullin ma a hannunsu yake, aka ce na ajiyar lafiya ne. Wannan kaɗai ya ƙara abin da suke kashewa a kan kariyar lafiya da kashi 66 cikin 100, kamar yadda aka buga a 2013. Akwatin bai hana su buɗewa ba, suna ya ba kuɗin, har mutum ya samu bakin cewa "waɗannan ba na taɓawa ba ne."

Iyayenmu sun riga masu bincike sanin wannan. Asusun ƙasa da sai an fasa, tunkiyar da ake saye da kuɗin sadaki, adashi da uwar adashi mai aiko yarinya kowace Juma'a ko kina so ko ba kya so, duk shinge ne da mace ke yi tsakaninta da hannunta. Tsarin adashin gata na aikin Hajji da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020, shi ma a kan wannan hikimar aka gina shi. Sai dai ina jan hankali a kan adashi: ki san amanar wadda ke riƙe shi, a rubuta zubi da kwasa, kuma ki yanke abin da za ki yi da kwasarki tun kafin ta zo. Kwasar da ta kwana uku a ɗaki ba ta kai wa kasuwa. A zamanin da farashi ke tashi ma, ranar da kika kwasa ranar ya kamata kuɗin su zama kaya.

Abin da nake ba ɗalibaina shawara shi ne gwangwani biyu. Da an tashi daga ciniki, a fara cire kuɗin saro kaya a sa a na farko, wannan amanar sana'a ce. Abin da ya saura shi ne riba, daga nan ake cefane, daga nan ake biki. A ce kin saro kayan naira dubu ashirin kin sayar dubu ashirin da huɗu, to kuɗinki dubu huɗu ne, ba ashirin da huɗu ba, komai kaurin damin a hannu.

Wata za ta ce, Malama, maigida ne fa ya tambaya, in hana shi? Ban ce ki hana ba. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ta tambaya game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka ba ta amsa cewa lada biyu gare ta, na zumunci da na sadaka. Taimakon miji alheri ne babba, balle a wannan hali da ake ciki. Amma shari'a ta tabbatar wa mace dukiyarta, ciyarwa kuma a wuyan miji take. Ki zauna da shi a lokacin da rai ke sanyi, ba lokacin da yake neman na cefane ba, ki nuna masa gwangwanayen nan biyu, ki ce wannan namu ne, wancan in aka taɓa shi gobe babu namu. Mafi yawan maza masu hankali za su fahimta, wasu ma su zama masu gadinsa. In kuwa rance ne, a kira shi rance, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta kuma ce ban da 'yan uwa da maƙwabta ba. Kunyar rubuta bashin maƙwabciya ta rufe sana'o'i da yawa, ta kuma ɓata zumuncin da ake jin kunyar dominsa.

IDAN AKA YI FASHI

Ko an yi duk wannan, ranar fashi za ta zo. Haihuwa, rasuwa, jinya, tafiya. Abin da ke kashe aiki ba fashin ba ne, abin da ke biyo bayansa ne. Mace ta yi mako biyu ba ta zo makaranta ba, sai kunya ta kama ta, "da wane ido zan kalli Malama, an wuce ni." Mako biyu ya zama wata biyu, ya zama shekara. Wallahi babu malamar kirki da ke jin haushin ɗalibar da ta dawo.

A wata jami'a a Landan an bi mutum 96 na tsawon mako 12, kowa ya zaɓi ƙaramin aiki da zai riƙa yi kullum. Aka ga a tsakaice sai da aka yi kwana 66 kafin aikin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254. Aka kuma ga fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Abu biyu za mu ɗauka. Wadda ta yi wata ɗaya tana jin abin da nauyi, ba alamar ba ta dace ba ce, lokacin ne bai yi ba. Kuma fashi ba faɗuwa ba ne. Addininmu ma ya buɗe wannan ƙofa: Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa wanda barci ya ɗauke bai yi wuridinsa na dare ba, in ya karanta tsakanin Asuba da Azahar, za a rubuta masa kamar da dare ya yi. Ba a ce ya bari tunda ya karya ba, lokacin ramuwa aka yanka masa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum, kada mu ɗora wa kanmu laifinsa. Mu a wannan yanki mun gani. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, masu karɓar oda ta waya suka zauna. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk mai sayar wa ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma abinci ko zoɓo ta ji a jikinta. Farkon 2023 ga ƙarancin takardun naira, a ƙarshen Mayu kuma aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na kaya suka tashi. Wadda jarinta ya karye a waɗannan shekaru ba warware zare ta yi ba. Amma a lura da waɗanda suka tsallake: yawanci waɗanda suka rage ne ba su rufe ba. Mai tiya goma ta koma biyu, ta riƙe masu sayenta na unguwa har aka buɗe makaranta. Kuma tunda garinmu garin ɗalibai ne, ga jami'a ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, hutu ba ba-zata ba ne. Mai sana'ar da ta dogara da su ta san da shi tun farkon zango, ta tanadi abin da za ta juya a watannin.

Wani lokaci kuma barin abu shi ne daidai. In kin yi lissafi a rubuce wata shida kin ga sana'ar ba ta fitar da kanta, ko tana cin haƙƙin miji da tarbiyyar yara, ki yi shawara, ki yi istihara, ki sayar da kayan ki juya kuɗin a wani abu. Wannan yanke hukunci ne. Abin da muke gudu shi ne keken da ba a ce an bari ba, ba a kuma taka shi, shekara uku yana tsatsa a lungu.

Ga aikin gida, musamman ga masu karanta wannan shafi a halaƙar unguwa. Kowace ta zaɓi abu ɗaya tak, na addini ko na sana'a, ta rubuta a bayan littafinta: mene ne, bayan wane aiki za ta riƙa yin sa, me ta fi tsoron zai hana ta, in ya hana ta yaushe za ta rama. Wadda ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami, ko 'yarta ta rubuta mata. Sannan ta zaɓi 'yar uwa ɗaya a halaƙar wadda za ta tambaye ta duk ranar karatu. Amira ta ajiye ranar da za a buɗe littattafan nan bayan wata biyu.